Shekarar da Aka Daina Yi Mini Gardama

Kun taso kuna jin cewa ni da Baffanku Sale mun yi shekaru ba ma zama inuwa ɗaya, kuma kowannenku ya ƙulla nasa dalilin. Na ji wani a cikinku yana cewa a kan gidan gadonmu ne na Zariya. Na ji wata tana cewa wai Baffa ya so in mutu. Wannan ta biyun ce ta hana ni sukuni har na ɗauki biro, don ba na son in tafi in bar ku da ita a baki.

Kun san ubanku, mutum ne mai gardama. Aikin safiyo da na yi a ma'aikatar filaye ya koya mini cewa kowa yana ƙara taku ɗaya a kan iyakarsa, don haka ban taɓa karɓar magana yadda aka kawo ta ba. Mahaifiyarku kuwa, Allah ya haɗa ni da daidai ni. Tun muna ɗakin haya har muka gina namu a Abakpa, ba a yi wunin da ba mu yi musu ba, ko a kan gishiri, ko tashar rediyo, ko wanda ya bar famfo a buɗe. Sababbin maƙwabta sukan ɗauka auren ne zai mutu. Tsofaffin kuwa in sun ji gidanmu shiru sai su aiko a tambaya ko lafiya. Mutum ɗaya ne a duniya ban taɓa yi wa musu ba, shi ne Yaya Sale. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar iyayenmu, daga rumfarsa ta yadi a Babbar Kasuwa ya sa ni makaranta, ya yi mini aure. Har na yi furfura, in ya shigo sai na sauka daga kan kujera na zauna a tabarma.

Ba a daɗe da ritayata ba na fara ganin jini in na zaga. Na ce basir ne, na yi ta shan jiƙon saiwoyi daga wani mai magani a Kawo, ina cika baki cewa na fi likitoci sanin jikina. Sai da wando ya fara zamewa daga ƙuguna sannan mahaifiyarku ta kai ƙarata. Yaya ya taso daga Hayin Banki, bai ko zauna ba, ya ce in shiga mota. A asibiti aka zura mini na'urar da ke leƙa hanji, aka ɗauki hoton ciki, aka ɗebi jini, aka sa mana ranar dawowa. Da ranar ta zo, likitan ya leƙo, ya dube ni, ya dubi Yaya, ya tambaya wane ne babba. Haka ake yi, ban ga laifinsa ba a lokacin. Magana mai nauyi babba ake faɗa wa, shi zai san yadda zai sauke ta a gida. Yaya ya shiga, ni aka bar ni a kan benci ina kallon masu wucewa. Da ya fito sai ya ce:

"Gyambo ne a hanji, Lado. Magani za su ba ka. Tashi mu tafi."

A mota ne na kama shi yana kallona. Ya faro daga hulata ya gangara har takalmi, babban yatsansa yana motsi a kan gwiwarsa. Na san wannan kallon tun ina yaro. Shi yake yi wa mai saye in ya tambaya yadi nawa zai ishe shi babbar riga. Da muka haɗa ido sai ya kau da kai ya ce direba ya rage gudu.

Daga ranar gidan nan ya canza. Ba a yi kuka a gabana ba, ba a yi raɗa na ji ba. Abin da ya faru shi ne, kowa ya zama mutumin kirki. Na ce a kashe fanka, aka kashe. Na ce a kunna, aka kunna. Wata rana da gangan na ture kwanon tuwo na ce miyar ta yi gishiri, alhali babu abin da ya same ta. Na gyara zama ina jiran mahaifiyarku ta ce in shiga kicin in dafa tawa. Sai ta ɗauke kwanon a hankali ta ce:

"To, Alhaji. Ka yi haƙuri, bari a sake wata."

Matar da na sani ba ita ce ta ɗauki kwanon nan ba. Muryar tata ce, zanen nata ne, amma ji na yi kamar wata aka aiko ta zauna a madadinta.

Sai baƙi suka fara zuwa. Mutanen da rabona da su tun muna ofis, dangin da ko bikin Sallah ba sa leƙo mu, duk suka tuna hanyar Abakpa. Sukan cire takalmi tun daga ƙofar zaure, su zauna nesa kaɗan, su yi magana ƙasa-ƙasa, su daɗe suna addu'a kafin su tashi. Na je zaman makoki da yawa a rayuwata, na san yadda ake zama a wurin, kuma irin zaman ke nan suke yi a falona, ni kuma ina tsakiya ina miƙa musu ruwa. Malam Garba na bayan gidanmu, wanda muka shekara da shekaru muna rigima a kan kwata, ya zo da kansa da safe ya karkatar da ita ta gefensa, sannan ya durƙusa ya ce in yafe masa. A masallaci aka fara buɗa mini wuri a sahun gaba. Kai kuma Nura, kana ganin ban lura ba, amma ina ganinka ta bayan labule kana ɗaga waya kana ɗaukar hotona ina cin abinci. Ina tafe a layinmu da rana tsaka, masu shago suna amsa sallamata da taushi, in na waiwaya sai in ga suna bi na da ido.

Abin da ya gama buɗe mini ido bikin 'yar'uwarku Asiya ne. An tsayar da shi bayan Babbar Sallah, kowa ya sani. Kwatsam aka ce an dawo da shi kafin azumi, wai dangin ango ne suke sauri. Ranar wata Juma'a na haɗu da uban angon a bakin masallaci, na ce masa wannan wace irin gaggawa ce, ko yarinyar guduwa za ta yi.

"Ai mu mun so a bar shi inda yake, Alhaji. To da Alhaji Sale ya zo ya yi mana bayani..."

Nan ya tsaya. Ya shiga gyara hularsa, ya ce Allah ya ƙara sauƙi, ya shige cikin jama'a.

A wurin aiki, in ka sami turaku biyu a ƙasa, na ukun ba ya wahalar nema. Na tsaya a bakin masallacin ina auna abin. Da suna ganin zan kai Babbar Sallah, ba za su taɓa bikin ba. Da suna da tabbacin ƙaramar Sallah, da bayanta za su sa shi, don babu mai son haɗa hidimar biki da shirin azumi. Ashe a nan aka kafa mini nawa turken, ko cikin azumi ko jim kaɗan bayansa. Gari guda ya san iyakata, har da surukin da ban gama sanin sunan kakansa ba, ni kaɗai ne ban sani ba.

Ban ce wa kowa komai ba. Bayan 'yan kwanaki, da azahar, mata sun tafi kasuwa sayayyar biki, na buɗe babban akwatin ɗakina ina neman rigar da zan sa ranar ɗaurin aure. A ƙarƙashinta na ci karo da farin yadi a naɗe cikin leda. Ban buɗe ba ma na gane shi. Likkafanin Yaya ne. Shekarar da muka sauke farali tare ya saye shi a Makka, ya jiƙa shi da ruwan Zamzam, ni na riƙe masa ɗaya bakin muka shanya a saman masaukinmu. Kullum yakan ce duk abin da ya mallaka a raba, amma wannan nasa ne. Ga shi a akwatina. A gefensa kuma an naɗe wani guntu, sabo, ya fi shi haske, irin na rumfarsa. Yaya gajere ne, ni dogo. Ya auna ni a mota, ya ga nasa ba zai kai ba, ya ƙaro.

Na zauna a bakin gado da yadin a cinyata. Gidan tsit, sai kukan tattabarun maƙwabta da ɗigar famfon tsakar gida. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, kuma ba na jin kunyar faɗa muku. Na mayar da shi yadda na same shi, har da yadda aka ɗaure bakin ledar.

Washegari na ce zan je batun fansho, mahaifiyarku ta ce "to". Na tari keke na tafi asibiti ni kaɗai. Da likitan ya gan ni ba rakiya sai ya miƙe tsaye. Yaro ne, bai fi sa'ar babbanku ba.

"Baba, ina yayan naka?"

"Yana rumfarsa. Cikin nawa ne ko nasa?"

Sai ya ce Yaya ya faɗa masa ba na son jin komai, kuma na rantse ba za a sa mini wuƙa ba. Na ce yau na fara jin akwai zancen wuƙa. Ya zauna, ya share fuska da hannu, ya juyo da allon kwamfutarsa wajena. Ya ce ciwon daji ne a babban hanji, kuma ya haura zuwa hanta. Ya nuna mini hantar, toka-toka, kamar hoton fili da aka ɗauka daga jirgin sama. A gefe ɗaya akwai tabo biyu masu duhu.

"Nawa ya rage mini?"

"Baba, ba ni da ranar kowa a hannuna. Abin da muke yi, mu dubi mutanen da suka zo da irin hotonka, mu ga yadda ta kasance da su. Muna duba yawan tabon, da girmansu, ko a gefe ɗaya suke ko sun watsu, ko ya kai huhu, da abin da jini ya nuna, da ƙarfin jikin mutum. Naka kaɗan ne, a gefe ɗaya suke, huhunka lafiya. In aka bar shi, maganar watanni ake yi. In aka yi maka ƙarin ruwan magani, jikinka ya amsa, aka yanke na hanjin da wannan gefen hantar, maganar shekaru ake yi. Wasu yana dawo musu, wasu ba ya dawowa. Aikin kansa yana da haɗari, ba zan ɓoye maka ba."

"Ka faɗa wa Yaya duk wannan?"

"Na faɗa masa. Na kuma ce masa ƙofar ba za ta daɗe a buɗe ba."

Daga nan Hayin Banki na wuce. Na jira shi a zaure har ya dawo daga kasuwa bayan la'asar. Da ya shigo, ban sauka daga kan kujera ba, kuma ya lura. Na ce masa na ga likita, na kuma ga abin da ke cikin akwatina. Bai musa ba. Ya zauna a tabarma, wurin da ni na saba zama.

"Lado, wannan ciwon in ƙarfe ya taɓa shi tashi yake yi. Kai ba ka ga Inna ba. Kana ƙarami, aka kai ka gidan Goggo. Ɗan kumburi ne a ƙirjinta, tana daka tana surfe da shi. Aka ce a yanka. Daga ranar da aka yanka bai sake rufewa ba. Ni na zauna da mafici ina kora mata ƙuda har ta cika. Na yi wa Allah alkawari ba zan sake kai nawa a yanka ba. Gara ka tafi a kan gadonka da cikinka a rufe, ka ga 'yarka ta shiga ɗakinta."

Yana magana hawaye na bin gemunsa. Ku da kuke cewa ya so in mutu, ku riƙe wannan. Mutumin da ya ba ni likkafanin da ya hana kowa taɓawa, shi ne kuke faɗa wa haka.

"A'a, Yaya," na ce. "Za a yi aikin."

Tun da aka haife ni ban taɓa ce masa a'a ba. Kalmar ta fito ta tsaya a tsakaninmu, mu duka muna jin ta.

"In ka shiga ɗakin nan," in ji shi, "ba da yawuna ka shiga ba."

Da na koma gida na faɗa wa mahaifiyarku inda na je. Ita ma ba a gaya mata akwai zancen aiki ba, ce mata aka yi sai addu'a, kuma kada a tayar mini da hankali. Ta dube ni, ta dube ni, sai ta fashe da faɗa. Wai a kan me zan hau keke da wannan jikin, ko karin kumallo ban yi ba, in na faɗi a titi wa zai san ni, dama tun tana yarinya ta san taurin kaina ne zai kashe ta. Tana faɗa tana kuka, ni kuwa ina zaune ina murmushi kamar wawa. Matata ta dawo.

An ɗaura auren Asiya kafin azumi kamar yadda suka tsara. Yaya ne waliyyi, muka zauna kafaɗa da kafaɗa, bai dube ni ba. Bayan biki aka fara ƙarin ruwan, wanda ba na yi wa maƙiyina fatansa. Daga baya aka kai ni wani asibiti a wajen Kaduna aka yi aikin. Yaya bai zo ba, bai aiko ba. Na wuce azumin, na wuce ƙaramar Sallah, Babbar Sallah ta same ni a tsakar gida ina nuna wa mahauci inda zai bi da wuƙa. Mutanen layinmu suka rasa yadda za su yi da ni. Sun riga sun yi bankwana, ga ni kuma ina wucewa kullum da carbi. Wata tsohuwa da ta yi tafiya ta dawo ta gan ni a bakin shago, ta saki ledarta ta hau salati. Malam Garba ne ya fara warwarewa. Damina na sauka ya mayar da kwatarsa inda take, muka tashi da zage-zage, na koma gida raina fes.

Yaya kuwa ba fushi ne ya raba mu ba, ko da yake ni ma da farko haka na ɗauka. Ina zuwa gaishe shi, yana amsawa, amma idonsa a ƙasa. Duk lokacin da na shigo da ƙafata, abin da ya kusa aikatawa ne yake shigowa tare da ni. Na ce masa abin ya wuce, ya ce ya ji. Bai iya ba. Haka muka yi shekaru, ina rage zuwa don in rage masa nauyi, ku kuma kuna ganin gaba ce. Na sami rayuwata, na rasa zaman zaurensa, kuma har yau ban daina kewarsa ba.

Wata safiya ya faɗi a rumfarsa yana auna wa wata mata yadi. Kafin a kai shi asibiti ya cika, shi da ko ciwon kai ba ya yi. Ana shirin wanka aka shiga neman likkafaninsa, aka birkice ɗakinsa ba a gani ba, sai matarsa ta tuna. Bai taɓa cewa in mayar masa ba, ni ma ban taɓa iya ɗaukarsa in kai ba. Ni na buɗe akwatin, na rungumo shi a keke har Hayin Banki. Ya ishe shi daidai. Guntun da ya ƙaro domina yana nan inda ya ajiye shi.

Yanzu ga abin da ban faɗa muku ba. A watan da ya wuce na koma ɗaukar hoto kamar yadda na saba. Likitan nan, wanda yanzu shi ma ya fara furfura, ya daɗe yana kallon allon. Ban jira ya juyo da shi ba, na zagaya na tsaya a bayansa. Na iya karanta filin yanzu. Tabon sun fi a ƙirga da ido, ko'ina akwai su, kuma ya ce har a huhu. Ya tambaye ni wa zai kira. Na ce babban ya rasu, ni ne babba yanzu, ya faɗa mini. Ya faɗa mini, kuma ba maganar shekaru ya yi ba.

Na dawo gida da niyyar in tara ku. Na shigo na tarar mahaifiyarku tana faɗa da mai gyaran famfo, jikoki na guje-guje, ana lissafin kayan lefen Nura, wanda aka tsayar da bikinsa bayan Babbar Sallah. Na kasa buɗe baki. Kwana da kwanaki ina ɗauke da abin ni kaɗai, ina kallonku, ina yi wa kowa magana da taushi. Ranar nan da rana ta kawo mini tuwo, na ci na cinye ban ce komai ba. Tana kwashe kwanuka na ji bakina yana cewa:

"Hajiya, bikin yaron nan, me zai hana a dawo da shi kafin azumi?"

Ta tsaya da kwano a hannu. Ta dangwali sauran miyar ta ɗanɗana, ta yamutsa fuska, don gishirin ya yi yawa ƙwarai. Ta dubi kwanon da na share tas, ta dube ni. Na jira ta ce wace irin magana ce wannan, an riga an faɗa wa mutane, ni kullum sai na kawo rikici. Na jira da dukkan zuciyata.

"To, Alhaji," in ji ta.

A nan na gane Yaya har ƙarshe, don ga ni na bi sawunsa ban sani ba. Na kamo hannunta na zaunar da ita, na faɗa mata komai da bakina, yadda likita ya faɗa mini. Ku ma ga shi na faɗa muku. Bikin Nura yana nan bayan Babbar Sallah, kada wanda ya taɓa shi. In na kai, na kai. In za ku zo gaishe ni, ku shigo da takalmanku da hayaniyarku, ku musa mini in na yi kuskure. Kai kuma Nura, jiya ma na ga labulen yana motsi. Fito fili ka ɗauka, zan gyara hulata.